A Gaban Ofishin Haraji

"Kowa ya kwanta!"

Oga ne ya faɗa, ya saki harsashi ɗaya a silin. Layin masu biyan haraji ya zube kamar an tsinke igiyar shanya. Ƙarfe uku da minti biyar na rana. Su uku ne a ciki: Oga, Mai Tabo, da Shiru da aka ba tsaron ƙofa. Ɗai-ɗai suka shigo tun hantsi, bindigogi a jakar takardu, suka bi layi kamar mutanen kirki.

Na huɗunsu direba ne, ana ce masa Giya-Biyar saboda gudun mota, yayan Shiru uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa guda tak: uku da minti goma ya tsaya da mota a gaban ofishin haraji. Ba kuɗi suka kawo shi ba. Ya fito daga gidan yari bayan shekara bakwai, ya tarar ƙaninsa ya yi nisa a harkar fashi. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza. Sai ya ce to shi zai riƙe sitiyari, ko ba komai ya fito da shi da rai.

Ranar da aka tsara aikin, Oga ya ɗauko biro zai zana masa hanya. Giya-Biyar ya ture takardar. Shi za a zana wa? A unguwar aka haife shi, idonsa a rufe zai kai mota ƙofar. Ko leƙen wurin bai je ba, wai an san fuskarsa. Oga kuma ya karɓe wayar kowa don kada a bi sawunsu. Ba a taɓa ganin taurin kai mai tsada irin wannan ba.

Yau ga Giya-Biyar a hanya, ya wuce gidan mai. Ya wuce hasumiyar agogon da ba ya tafiya. Ga rumfar mai faci, ga ginin nan mai ruwan ɗorawa, sunan ofishin a rubuce da siminti a saman ƙofa. Ya tsaya, inji na aiki. Uku da minti goma cif.

A ciki kashiya tana kuka, makulli ya ƙi shiga akwatin kuɗi. Mai gadi, dattijo ne, ya yunƙura zai tashi — Mai Tabo ya harbe shi a ƙirji. A hawa na biyu wani akawu ya shige ƙarƙashin tebur, ya riga ya kira 'yan sanda.

Suka fito da jaka biyu. Titi wayam, babu mota.

Mai Tabo ya ce an sayar da su, wallahi an sayar da su. Oga ya ce kowa ya kama gabansa. Shiru bai motsa ba.

"Yaya zai zo," ya ce. "Ku je kawai."

A can, Giya-Biyar yana kallon ƙofa. Minti biyu. Minti huɗu. Wata mata ta fito da awon tela a wuya, tana dariya. Sai a lokacin kunnensa ya kama ƙarar kekunan ɗinki.

Mai faci ya leƙo ta taga, ya tambaya iska ce ko faci.

"Baba, ba nan ne ofishin haraji ba?"

"Nan ne mana, haka kowa ke ce masa. Amma in biya za ka yi, ai sun tashi shekara huɗu ke nan. Ka wuce shataletale, bayan tankin ruwa. Nan ɗinki ake koyarwa yanzu."

Daga wajen tankin ruwa harbi ya tashi.

Giya-Biyar ya figi motar. Shataletale a cunkushe — ya hau gefen titi, ya ture teburin mai jarida, madubi ya fille. Jiniya a gaba, jiniya a baya. Ya karya kwanar tankin ruwa a kan taya biyu.

Mai Tabo yana kwance a bakin kwata, ba ya motsi. An danne Oga a jikin motar 'yan sanda, yana zagin direba yana kiransa maci amana. Shiru kuwa yana nan inda aka yi alkawari, a gaban sabon ginin gilashi, ya jingina da turken fitila, rigarsa sharkaf da jini.

Giya-Biyar na iya juyawa, hanyar hagu a buɗe take. Ya kashe motar ya fito, hannu a sama. Wani sajan ya daka masa tsawa ya tsaya. Bai ko kalle shi ba. Ya durƙusa ya tallabo kan ƙaninsa.

Shiru ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi wajen Oga.

"Ban gaya muku ba? Ga shi nan."

Rai uku suka tafi a ranar, har da mai gadin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da aka zo sa wa Giya-Biyar ankwa, sai da 'yan sanda biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga rigar gawar.