Tafasar Bayan Layin Dogo

Ciyawar raguna ce ta kai Jabir bayan layin dogo a Inugu ran nan. Mahaifinsa dillalin dabbobi ne, ciyar da su kuma a wuyan Jabir yake. Yana sunkuye da lauje ya ji an ce, "Malam, don Allah bar min wannan, miyata ce za ka ba tumaki."

Ya ɗago ya ga budurwa da kwando, bakin hijabinta sharkaf da raɓa. Sharifa ke nan, 'yar limamin wani masallaci a unguwar Ogui. Tun tana ƙarama take bin maƙwabtansu matan Ibo tsinkar ganye a daji. Jabir bawan Allah, garin kallonta saura kaɗan ya yanke yatsansa.

Da ƙyar ya samu lambarta. Ya ga tana ɗora hotunan ganyenta a waya da wata kalmar Turanci, foraging, ya tambaye ta. Ta rubuto:

"Forijin ake cewa, Mai Raguna. Fita neman abinci a daji ke nan, ba saye, ba shuka. Dabbobi ma ana cewa suna yi, ka ga ni da ragunanka sana'armu ɗaya."

Ya mayar mata: "Ni ciyawa na fita nema, Ganyena, Allah ya ba ni ke."

Magana ta yi nisa, sai mahaifiyarsa Dada ta ce atafau. Wai yarinyar da ke yawon daji tana kwaso abin da ba a san kansa ba, ba dai a gidanta ba, alhali ga Rahamatu 'yar ƙaninta da take so ya aura. Jabir ya yi roƙo har ya gaji, ya daina cin abincin kirki. Ƙarshe Dada ta ce da bakinta za ta gaya wa yarinyar ta fita harkar ɗanta. Gidan liman dai tana jin nauyinsa, don haka can dajin za ta same ta, shi ne kuma zai raka ta.

"Dada na tafe gobe da safe," ya rubuta. "Na kasa hana ta. Duk abin da ta faɗa, ni ina nan."

Sharifa ta amsa: "Ka yi mana addu'a."

Da safe okada ta sauke su a bayan layin dogo. Sharifa ta durƙusa ta gaida Dada, aka amsa mata ciki-ciki. Dada ta gyara mayafi za ta fara, sai idonta ya faɗa cikin kwandon. Ashe tsabar tsoro ta sa Sharifa ta tumɓuko ganyen har da saiwa da ƙasa.

"Wannan ba tafasa ba ce? Wa ya koya miki cire ta haka?"

Kafin a ba ta amsa Dada ta sunkuya tana tsinkar kan ganyen da yatsu biyu, tana faɗa wai haka ake yi ta sake tohowa. Tun da aure ya kawo ta Kudu ba ta ƙara ganin tafasa a tsaye ba, ashe tana nan bayan unguwarsu. Ta shiga labarin mahaifiyarta, da yadda suke fita da damina a ƙauyensu, su dawo a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ta share ido da mayafi. Sharifa ta matso tana kwaikwayon hannunta.

Jabir na tsaye, bai san inda aka kwana ba. Ya yi ta maza ya ce, "Dada, maganar da kika zo da ita fa?"

"Kai dai riƙe kwandon nan." Ta juya ga Sharifa. "Gobe ki zo gida in nuna miki yadda ake wanke ta. Ba na son jikokina su ci yashi."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Ogui. Dada da kanta ta kama hannun amarya ta kai ta ɗaki, tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.