Atamfar Fitar Takaba

"Yau kuma mi al lalace ga babur ɗin?"

Lukman ya gyara riƙon wayar, ya saci kallon babur ɗinsa da ke inuwar mangwaro, a ƙofar garejin da ya sauka a garin Kandi na ƙasar Benin. Lafiyar babur ƙalau, ko jiya ya juye masa baƙin mai.

"Sarƙa ta, Rufaida... ta ɗan saki."

"Shekaranjiya kac ce taya. Kahin nan kac ce birki. Yaya Lukman, kai hwa bakanike na! Babur ɗin da yak kai ka Dakar shi na za shi kasa kawo ka Adabka?"

"Ɗiyar kawu, bi ni a hankali..."

"Ba ni bi! Kwana goma sha ɗaya kana gari guda, tsakaninka da gida tahiyar kwana biyu. In ka samu wata can, ka hwaɗa min in huta!"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai zuci ba. Wata ina? Shi da tun suna yara, ana tsokanarsu da wasan taubasantaka, bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata mace ba. Rufaida ɗiyar Kawu Makau ce na Gummi, ƙanen mahaifiyarsa. Da komai ya tafi daidai, da tuni an sha bikinsu.

Wata bakwai ke nan rabonsa da gida. Kuma mahaifinsa ne, Malam Haladu Maiturare, ya cusa masa son yawon duniya a kan babur. Tun yana ƙarami yake goya shi a bayan babur zuwa kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum, kwalaben turare na ƙarar juna a cikin akwati, tsohon yana ba shi labarin kakansu da ya kai Gwanja da jakuna. Ranar da zai tashi, Malam ya dafa kan babur ɗin ya ce, "Tahi ka gano mana duniya, ka dawo ka ba ni labari. Ni ƙahwata ba ta wuce Jega ba."

Ya kuwa gano ta. Ya sha shayi da makiyaya a bakin kogin Kwara, ya kwana a masallatan da bai san sunan garuruwansu ba, ya ci tuwo a zangon Hausawa inda ake jin harshensa a ce, "Basakkwace ne!" Ranar da ya fara ganin teku, sai da ya kashe babur ya zauna a kan yashi kamar wani ƙaramin yaro. Duk abin da ya gani, ajiye shi yake yi a ransa, yana cewa wannan na Baba ne.

Yana Dakar wayarsa ta faɗa ruwa. Kwana tara kafin ya sami wata. Da ya kira gida, sai ya tarar an yi sadakar bakwai ɗin Malam.

Ya roƙi a ba shi Inna, mahaifiyarsa. Ya ji numfashinta a wayar, ya yi sallama, ya yi gaisuwa cikin kuka. Ba ta ce uffan ba, sai ji ya yi ta miƙa wa wani wayar.

Ya sani sarai shi ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna Iyatu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba. Amma a ganinsa mutuwa ta fi ƙarfin alkunya. Tunda har ranar nan ta yi masa shiru, to fushi ne, kuma yana ganin ya cancanta. Shi ya sa hanyar da za a yi a mako uku ya ja ta wata huɗu, yana raɓe-raɓe daga gari zuwa gari. Mai laifi ai ko inuwarsa tsoro take ba shi.

"Kana ji na kuwa?" muryar Rufaida ta dawo da shi.

"Ina ji, masoyiya. Mai garejin ga ya ce in zauna mu yi aiki. Ina ga... in kwana biyu tukuna. Da wane ido za ni duban Inna?"

 Da ta sake magana, faɗan ya fita daga muryarta.

"Ka san tun da anka yi rasuwa ina Adabka ina taya Gwaggo zama. Ran Alhamis take hita takaba."

"Na sani."

"To abin da ba ka sani ba, babana ya kawo mata turmin atamfa na hita, tac ce a mai da. Ƙannenka sun haɗa sun sawo, tam mai da. Matan unguwa sun kawo, shi ma haka. Turmi uku, Yaya Lukman!"

"Don mi?"

"Ni ma na tambaye ta. Tac ce, 'Akwai mai kawowa.' Nic ce wa? Sai tad dube ni tac ce ba ni da kunya."

 Lukman ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Rufaida... kada ki yi min ƙarya don in dawo."

"Wallahi ko kaffara ba ni yi! Duk babur ɗin da yab bi ta bayan gida sai ta aje abin da take yi ta kasa kunne. Ran da kak kira, da tam miƙa wayar, ɗaki tash shiga tar ruhe. Ni niy ji kukanta. Gaban mutane kake so ta amsa ma ɗan hwari? Kai wace irin kwanya gare ka?"

Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. Sai kuma wani tunani ya faɗo masa.

"Ba ni da komi na tsohuwa. Turmi guda na cikin kayana, wanda nis sawo maki a Lome. Wanda kiz zaɓa a hoto..."

Ya san yadda take son atamfar nan. Wata biyu tana yi masa zancen ɗinkin da za ta yi da ita.

"Mai ruwan ɗorawa?" ta tambaya a hankali.

"Ita."

Ta ja numfashi. "Kawo mata. Ni kai nika jira, ba zane ba."

Washegari yana sallame asuba ya ɗaure kaya. Mai garejin ya rungume shi, ya cusa masa ƙullin gyaɗa a aljihu. Da ya tsallaka iyaka ta Tsamiya, ya tsaya ya waiwaya. Ƙasashe bakwai ne a bayansa, da mutanen da suka ba shi ruwa da tabarma, waɗanda ba zai ƙara gani ba har abada. Kewarsu ta kama shi, ga kuma labarai fal cikinsa, mai sauraren ya riga shi tafiya.

Ya kwana a Koko. Laraba da la'asar ya shiga Gummi, Kawu Makau ya tare shi da faɗa, daga baya kuma ya sa aka dama masa fura, ya hana shi wucewa don hanyar ba ta biyuwa da yamma. Ranar Alhamis da hantsi ya hango rumbunan Adabka, gero ya yi kai, garin na nan yadda ya bar shi. Sai da ya fara biyawa maƙabarta. Ya daɗe a tsugune.

A ƙofar gida ya kashe babur. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina da gumba. Rufaida ce ta fara ganinsa. Ta saki faifan da ke hannunta, ta toshe baki da mayafi, idanunta suka cika.

"Ka rame..." abin da ta iya cewa ke nan.

"Ke kuma kin ƙara kyau, Rufaidata."

"Wuce dai, sarkin sarƙa!"

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta. Ta yi wanka, amma tsofaffin kayan takabar ne ta mayar. Lukman ya durƙusa nesa kaɗan, ya ajiye turmin a gabanta.

"Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba... Inna, ki gahwarta min."

Ta kau da kai wajen bango.  Zuciyarsa ta yanke, ya ce a ransa shi ke nan, Rufaida ta yi kuskure.

Can sai hannun Inna ya miƙo, ba tare da ta juyo ba, ya ja turmin. Ta tashi ta shige ɗaki. Aka ji ƙarar yagar sabon yadi.

Da ta fito, ga ta ɗaure da zane ruwan ɗorawa mai manyan furanni, ba ɗinki ba kalmasa, ko takardar kamfanin ba ta ɓamɓare ba. Tsohuwa cikin kayan 'yan mata! Wasu matan suka fashe da dariya, wasu da kuka, wata ta rangaɗa guɗa.

Inna ta dubi Rufaida, ita kaɗai.

"Wagga kala ba ta tsohuwa ba ta, na san mai ita. Ki hwaɗa ma ubanki, da an yanke gero shi sa rana, a sawo maki wadda ta hi ta."

Rufaida ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yatsun ƙafarta.

Lukman na nan durƙushe, yana jira ko za a ce da shi wani abu. Inna ta juya za ta koma ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ba shi baya, ta share ido da gefen sabon zanen.

"Ku ce ma baƙon ga shi shigo da babur ɗin nan cikin zaure," ta ce, muryarta na karyewa. "Inda na Malam ka kwana."