Matuƙin Sakkwato zuwa Tokyo

Jirgin Ƙiftawa ya tashi daga Sakkwato, kafin shayin ma'aikatan filin ya huce har ya sauka a Tokyo. Tafiyar da a da sai an wuni an kwana a sama, yanzu ko sallah ɗaya ba ta wuce matafiyi. Injiniya Barira ce ta ƙera shi, yayanta Sabi'u kuma shi ne matuƙinsa na farko.

A irin wannan gudu hannu ba ya iya tuƙi, don haka ake sa wa matuƙi hular jijiya, wadda ke haɗa ƙwaƙwalwarsa da injin. Abin da Barira ba ta hango ba, injin yana bukatar wurin ajiye lissafin nisan da yake ci, kuma a ƙwaƙwalwar matuƙin yake zuba shi. Kowace tafiya sai ta goge wani abu. Sabi'u ya fara da manta sunan unguwarsu. Wata rana aka tarar da shi a ƙofar gidansa yana tambayar ko gidan wa ne.

Barira ta sami shugaban kamfanin, Alhaji Maikano.

"Ranka ya daɗe, a dakatar da jirgin nan. Cinye matuƙansa yake."

"Fasinja ya taɓa kawo kuka?" in ji shi. "Ki gyara hularki in kin iya. Jirgi dai ba zai tsaya ba."

Da ƙyar ta samu aka sauke Sabi'u daga aiki. Likita ya keɓe ta ya ce tafiya ɗaya ta rage masa, daga ita ba zai sake gane kowa ba.

Ana haka zuciyar mahaifiyarsu, Inna Tasalla, ta buga. Na'urar da za ta cece ta a Tokyo take, kuma sai an kai ta kafin la'asar.

"Ga jirgi nan," in ji Alhaji Maikano. "Matuƙi ne babu a ƙasa, sai yayanki."

Sabi'u bai yi musu ba. "Inna ce? Kawo hular." Barira ta ɗaura masa da hannunta, ba ta faɗa masa abin da likita ya ce ba.

Inna ta rayu. Tana farfaɗowa ta nemi ɗanta, aka shigo da shi. Ya durƙusa da ladabi.

"Sannu, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. An ce kina nemana. Kin san ni ne?"

Tsohuwar ta juya tana kallon Barira, ita kuwa ta kasa ɗaga ido. Wayar Barira ta yi ƙara, Alhaji Maikano ne, muryarsa fes.

"Injiniya, ki shirya mana shi ya dawo da jirgi. Irinsa muke nema tun farko, yanzu ba sauran abin da zai rasa."