Igiya a Ƙofar Tsira

Ƙarfe tara na safe aka jawo jirgin Dottie May zuwa tashar Cairns, falonsa na sama ya ƙone ƙurmus. Jirgin yawon nutso ne, irin masu kwana uku a teku. Fasinja goma sha huɗu sun fita da ransu. Mutum guda ne aka sauko da shi a lulluɓe: Hamish Orr, mai koyar da nutso, ɗan shekara ashirin da tara.

Sufeto Noelene Pappas ta ajiye kofin shayinta a kan motar 'yan sanda ta hau jirgin, Sajan Dougie Mallie na biye da ita. Ya riga ta zuwa, don haka shi ya yi mata bayani.

"'Yan kwana-kwana sun ce batirin kyamara ne ya kama wuta a falo, inda aka jona caji. Wutar ta tare babbar matakala, ranki ya daɗe. Hanya ɗaya ta rage wa na ƙasa, ƙofar tsira. Ita kuma ta ƙi buɗuwa wajen minti huɗu."

"Wa ya buɗe ta?"

"Hamish. A ƙasa yake kwana tare da fasinja. Ya tura kowa waje ɗaya bayan ɗaya, shi hayaƙi ya kayar da shi a gindin tsani."

Suka sauka ɗakin kwana. Gadaje masu hawa biyu, ko'ina baƙin hayaƙi. A ƙarshen ɗakin akwai ɗan tsani, a samansa murfin ƙarfe mai buɗewa zuwa bayan jirgi. Sufeto ta haska tocila. Guntuwar igiya shuɗiya na reto a hannun murfin, ɗaya guntuwar kuma a ɗaure da ƙarfen tsani. An yanke tsakiyarta da wuƙa.

"Ashe ba cijewa ta yi ba," in ji ta. "Ɗaure ta aka yi, daga ciki."

Dougie ya matso ya ƙura wa ƙullin ido, ya yi ɗan tsaki.

"Wannan ba ƙullin ma'aikacin jirgi ba ne. Na masu ɗaure lodi a babbar mota ne. Tsohona shekara talatin yana tuƙi, da shi ya fara koya min kafin karatu. In ka ja shi, ƙara tamkewa yake."

"Yau dai tsohonka ya yi mana rana. Sa ta a leda."

Kyaftin Wes Hannigan na zaune a ofishin tashar, bargo a kafaɗa. Shi ke da gadin daren.

"Na zagaya ƙarfe biyu, na zagaya ƙarfe uku," in ji shi tun ba a tambaye shi ba. "Komai lafiya lau."

"Har ɗakin kwana ka sauka?"

"Har can."

"Ka duba ƙofar tsira?"

"Da hannuna na taɓa ta."

Sufeto ta ɗora ledar a kan tebur. "To da hannunka ka taɓa wannan ke nan. Me ya hana ka kwance ta?"

Kyaftin ya kalli igiyar. Ya shafa gemu.

"Ban sauka ba," ya ce a hankali. "Na zauna a ɗakin tuƙi, ido ya ɗauke ni. Amma igiyar nan ba tamu ba ce, Sufeto. Namu duk farare ne, je ki duba."

"Na duba. Maganar barcinka kuma tana nan, za mu dawo mata. Ba ni takardar rabon gadaje."

Gadon da ke jikin tsani, lamba goma sha biyu, wata baƙuwa ce daga Holan aka ba. Dougie ya je otal ya same ta, ya dawo kafin azahar.

"Ta ce dare ɗaya kawai ta yi a kai. Washegari wani dattijo ya roƙe ta su yi musaya. Clive Rasmussen, manomin rake daga Tully, tare da matarsa Maureen ya zo. Shekararsa saba'in da uku, gwiwarsa ɗaya ta ƙarfe ce, amma ya bar gadon ƙasa ya nemi na sama."

"Manomin rake," in ji Sufeto. "Ba zai rasa motar lodi ba."

A asibiti suka same su. Maureen na kishingiɗe a gado, fes da ita, tana murmushi. Clive na kujera a gefenta, yatsunsa duk a naɗe da bandeji.

"Sannunku da tsallake rijiya da baya, Baba," in ji Sufeto. "Me ya sami hannun?"

"Ƙarfen tsani ne, da zafi."

"Wuta ba ta sauka ƙasa ba. Me ya sa ka canza gado?"

"Iska. Can ya fi iska."

Ba ta yi musu ba. Ta ciro ledar daga jaka ta ajiye a kan bargo. Kafin ta buɗe baki, Maureen ta miƙa hannu, fuskarta ta washe.

"Lah, Clive, ga igiyarmu! Wa ya yanka ta?" Ta juya ga Sufeto. "Kullum da ita yake ɗaure ƙofar baya, 'yar nan. Wai ina fita neman kare. Ni kuwa ina zan bar Biskit a waje cikin ruwan sama?"

"Biskit ya mutu shekara shida, Maureen," in ji Clive. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Kai dai akwai ka da zance," ta ce, ta koma kallon taga.

Sufeto ta jawo kujera ta zauna. Ta juya ga Clive.

"A nutso muka haɗu," in ji shi. "Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ciwon mantuwa ya kama ta, likita ya ce ba zai tsaya ba. Na ce bari ta ƙara ganin teku tun tana gane shi. A takardar lafiya ban rubuta ba, don da ba su ɗauke mu ba. Daren farko na farka ba ta nan. Ta wannan murfin ta fita. Na same ta a bayan jirgi, ƙafa ɗaya a kan shinge, tana kiran kare."

"Ba ka faɗa wa kyaftin ba?"

"Da ya juya da mu gida. Na ce babbar matakala falo take kaiwa, mai gadi zai gan ta. Ƙofar tsirar ce ba mai gani. Ina ɗaurewa in kowa ya kwanta, in kwance kafin gari ya waye. A takardar da suka karanta mana ranar farko an ce kada a tare ta. Na ji da kunnena." Ya ɗaga hannuwansa. "Da hayaƙi ya shigo na kama ƙullin. Duhu, mutane na tura murfi, igiya na ƙara tamkewa. Har faratana suka fita. Yaron nan ya ture ni ya sa wuƙa. Maureen ya fara ɗagawa sama. Ni na kashe shi, Sufeto."

"Kotu ce za ta sa wa abin suna. Amma dole in tafi da kai."

"Na sani. 'Yarmu ta taso daga Townsville. In Maureen ba ta ga wanda ta sani ba, firgita take."

Dougie ya dubi Sufeto. Ta duba agogo, ta gyara zama.

Awa biyu suka jira. Da 'yar ta iso ta zauna bakin gado, Clive ya miƙe da kyar. Dougie ya bar ankwa a ƙugunsa, ya ba shi kafaɗa ya dafa.

Sun kai bakin ƙofa Maureen ta ɗaga murya.

"Clive! Ka biyo da madara in za ka dawo."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"To, Maureen," ya ce. Suka fita.