Hannun Mai Tsaga Citta

Ranar da Misbahu ya fara ganin Raliya, wata citta ce a hannunsa mai kama da hawainiya, har da wutsiya a naɗe. Halinsa ke nan, in ya ga saiwa mai siffar wata halitta sai ya jefa a aljihu. Yana zagaya filin shanyar citta ne na mahaifinsa, Alhaji Jibir, babban mai sayen citta a Kafanchan, inda mata kusan talatin ke zaune cikin rana suna tsaga ɗanyar citta.

"Ɗan Alhaji," in ji wata budurwa, "ta hannunka mu tsaga ta, ko ita an ba ta hutu?"

Mata suka kwashe da dariya. Budurwar, Raliya ke nan, ta ɗago ido ta dube shi. Sai ya ajiye mata hawainiyar a gabanta ya wuce yana tuntuɓe.

Kafin wata ya ƙare, saƙonnin waya sun zama abincinsu.

"Mai yajina, yau na samu wata kamar agwagwa tana waiwaye. Na ajiye miki."

"Na gode, nawan. Amma in kana sona, gobe ka tsaya kusa da Rachael ka saurara."

Ya je ya tsaya. Rachael ƙawarta ce, 'yar Manchok, tana goye da ɗanta Jason ɗan wata huɗu. Duk lokacin da ta sauko da shi za ta ba shi nono sai ya tsala ihu, don ruwan cittar da ke hannunta yana shiga idonsa. Babu ruwan wanke hannu a filin, babu inuwa, kuma wadda ta daɗe da goyo a cinya sai an yi mata tsawa.

Raliya ce mata suka tura gaban Alhaji. Ta durƙusa ta ce suna roƙon rumfa, da ruwa da sabulu, da lokacin shayarwa sau biyu a yini.

"Aikin zaune har wata wahala ce?" in ji Alhaji. "Tashi, kada in sake ganinki a filina."

A gida ya kira Misbahu. "Na ji labarinku. Yarinyar da ta tara min mata ba za ta shigo gidana ba. Ga Zamzam 'yar aminina nan."

Washegari ba macen da ta ɗauki wuƙa. Kwana uku citta tana jibge, ta fara fumfuna. Alhaji ya ce a tura mota Kagoma a kwaso wasu matan.

"Baba," in ji Misbahu a hankali, "aikin da ba wahala, don me za a tura mota? Ni da kai mun isa."

Alhaji mutum ne da ba ya janye magana. Ya naɗe hannun riga ya zauna, shi da Misbahu suka kama tsaga citta.

Raliya ta wuce a kan babur ta hango su. Saƙonta ya shigo nan take.

"Ashe da kai za a ci amanarmu. Ka zo ka kwashe dabbobinka na citta."

"Wallahi na zauna ne don kada a ɗauko wasu a wurinku. Ki ba ni zuwa azahar, hasken idona."

Ba ta amsa ba.

Da aka kira azahar, yatsun Alhaji sun yi jajur. Ya jawo buta zai yi alwala, ya wanke hannu sau uku kamar kullum, amma citta ba ta fita da ruwa zalla. Yana kai ruwa fuska ya saki salati.

"Idona! Misbahu, idona!"

Rachael, wadda ta zo ɗaukar kwanonta, ta kwance ɗan guntun sabulu daga bakin zane ta miƙa masa.

"Sori, Baba. Wanke da wannan. Kai babba ne, ka iya faɗi. Jason bai iya faɗi ba, kuka kawai."

Alhaji ya wanke. Ya daɗe zaune, hawaye na zuba, yana kallon jaririn da ke leƙe daga bayan uwarsa.

"Kullum haka yake ji?"

"Kullum, Baba."

"Allah ya yafe min," in ji shi. "A kira min yarinyar nan, Raliya."

Cikin sati guda aka kafa rumfa, aka ajiye durom na ruwa da sabulu, aka rubuta lokacin shayarwa a takarda kowa ya sa hannu. Raliya ta koma aiki, Alhaji yana kiranta "'yata".

Ta tura wa Misbahu saƙo: "Na yi maka mugun zato, nawan. Ka yafe min. Dabbobin su zauna."

"Na yafe tun kafin ki tura. Na samu raƙumi, yana jiran ɗakinki."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Matan fili suka zo da anko iri ɗaya, masu masallaci da masu coci, suka jera wa amarya hawainiya da agwagwa da raƙumi a cikin kabet tsakanin kwanuka.

Alhaji ya sa albarka: "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya saka wa Raliya da ta faɗa min gaskiya." Aka amsa da amin.

Rachael ta matso ta miƙa masa Jason. Alhaji ya buɗe hannu, sai ya tsaya.

"Dakata, 'yata," ya ce. "A ba ni sabulu tukuna."