Lallen Inna

Ranar da Zuhura ta fara ganin Sadiq a Kasuwar Daji, ba saurayi ta je nema ba. Magani take nema wa lallen da marigayiya Innarta ta dasa a garkarsu ta Birnin Tsaba, wanda ganyensa ke ta zuba. Sadiq mai sayar da dashen itatuwa ne, ga tambaya kamar alƙali.

"Sau nawa kike ba shi ruwa?"

"Sahe da marece."

"To gata ne zai kashe shi. Lalle ba ya son shagwaɓa."

Ta harare shi, amma ta ba shi lambarta, wai saboda lalle. Kafin wata biyu an daina zancen ganye a waya.

Mahaifinta Malam Labbo bai yi na'am ba. "Wanga yaro na Ƙaura, wa ya san asalinai?" Shi hankalinsa na kan ya ba Murtala, ɗan ƙanwarsa, aurenta.

Rannan Zuhura ta dawo daga suna a Zurmi, ta tarar an sare lallen har iya gwiwa, ko ganye ɗaya babu. Ta durƙusa tana kuka kamar yau Inna ta rasu. Murtala kuwa ya samu abin faɗa.

"Ni na ga Sadiq da buhu bisa mashin, ya yi hanyar Shinkahi. Wa ka kai lalle wani gari in ba mai amarya can ba?"

Zuciyarta ta ɗauka. Ta tura wa Sadiq saƙo: "Da lallen uwata za ka yi wa wata ado?"

Ya amsa: "Zuhurata, na yi laifi da ban faɗa maki ba, na san ba ki yarda in sa wuƙa. Ki ba ni kwana arba'in. In bai tofo ba, ki manta da ni."

Ba ta yarda ba. Don haushi ma ta daina ba kututturen ruwa, wanda dama abin da lallen yake so ke nan. Kullum sai ta leƙa garkar tana cewa ba shi ta zo dubawa ba.

Ana cikin mako na huɗu ya tofo, kore shar, ya fi da.

Magabatan Sadiq suka zo da goro, gwaggonsa ta Shinkafi na biye da ƙwarya. Ita ce ta shanya ganyen a inuwa, ta daka, ta tankaɗe.

"Ya ce kada ɗiyarku ta sa lallen kasuwa alhali uwarta ta bar mata nata."

Malam Labbo ya ɗebi garin ya sunsuna. "Ƙamshin hannunta ne," in ji shi. "Na ba shi."

Ranar sa lalle, Zuhura ta dubi tafinta ya yi ja wur, ta tura saƙo: "Mai wuƙa, Inna ta zo bikina."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.