Akwatin da Mama Ta Zaɓa

"Ni dai wancan nake so. Mai jinkirin."

Mama ta ɗora yatsa a kan gilashin kanta, ta kafe. Mu uku ne tsaye a shagon da ake sayar da na'urar ji: ni, da ita, da mutumin da nake so in aura.

"Mama, ki dai duba wannan," in ji shi cikin ladabi. "Kafin ki gama cin abinci ya busar miki da na'urorin tas."

"Kai ne za ka sa a kunne?"

"A'a, Mama..."

"To ka bar mai kunne ta zaɓa!"

Na ɗan taka masa ƙafa, ya yi shiru. Mai Wuta muke kiransa a gidanmu, tun ranar da ya zo gyara wayar wutar da dutsen gugar Mama ya ƙona. Ya gyara waya, ya tafi da zuciyata, sunan kuma ya bi shi.

Mama wanki da guga take yi tun rasuwar Baba. Wani zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da jinta, sai da 'yan na'urori biyu a bayan kunnuwanta take jin duniya. Ga tururin guga, ga gumi, kullum danshi na shiga cikinsu. Magana ta riƙa zuwar mata a yayyanke, wani lokaci ta ɗauke ɗif.

"Da yaya kike busar da su a gida?" mai shagon ta tambaya.

"Naɗe su nake a hankicin da na gama gogewa, in ajiye a gindin dutsen guga."

Matar ta dafe ƙirji. "Baiwar Allah! Ai sa'a kika ci da ba su narke ba!"

Sai ta jero mana abubuwa uku. Akwai 'yar kwalba mai ƙananan duwatsu masu tsotse danshi, ba ruwanta da wuta, amma ba za ta iya da gumin mai guga ba. Akwai akwati mai fanka da ɗan ɗumi, mai gamawa da sauri. Sai wani babba, mai busarwa a hankali, wanda aka yi don a bar su ciki su kwana.

"In an kunna wannan, sai yaushe?" Mama ta tambaya.

"Sai dai a bar shi ya gama da kansa. Ya fi kyau kada a katse shi."

"Kada a katse shi," Mama ta maimaita, kamar mai ɗanɗana zuma. "Naɗe min shi."

Ni sakarya har daɗi na ji, wai Mama ta fara kula da kayanta. Na rungume ta nan cikin shagon, na'urar ta yi ɗan fiton nan da take yi duk lokacin da kafaɗata ta toshe ta. Tsuntsun Mama nake ce masa tun da daɗewa. In na ji kukansa, na san tana ji na.

A hanya Mai Wuta ya rage tafiya, muka bar ta ta ɗan yi gaba.

"Autar Mama, kin san ƙarshen watan nan zan tafi."

"Na sani."

"Aikin nan ba zai jira ni ba. Garin kuma da nisa. Ba zan ɗauke ki kamar kayan sata ba, rabin raina. Ina so in ji ta ce ta yarda, da bakinta."

"Za ta ce. Ka ba ta lokaci."

Ni ma na riga na rantse ba zan taka ko'ina ba sai da yardarta. Yayata ta yi aure ta tafi nesa, da alkawarin za ta riƙa zuwa. Yanzu sai waya, wayar ma Mama ba ta jin rabin abin da ake faɗa. Ni kaɗai na rage mata, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Akwatin ya samu wuri a kan teburin falo, kusa da tulin kayan mutane da aka ninke. In an kunna shi, wata 'yar fitila shuɗiya ce ke kamawa, fankar ta riƙa gurnani ƙasa-ƙasa.

Mai Wuta yakan zo da yamma in ya tashi daga aiki. Ranar farko ya durƙusa ya gaishe ta, ya gyara murya.

"Mama, dama wata magana ce..."

Ta nuna masa akwatin, ta nuna kunnenta da ke ƙarƙashin ɗankwali, ta watsa hannu. Fitilar na ci.

"Sun jiƙe sharkaf yau, ɗan nan!" ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Sai gobe!"

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Da zarar ta hango babur ɗinsa ta taga, sai in ji ƙarar murfin akwati.

Da safe, tana da kunnuwanta, na same ta tana yayyafa wa wata riga ruwa.

"Mama, maganar Mai Wuta fa..."

"Ke ce za ki nemi kanki? In namiji ne ya zo ya faɗa min da bakinsa."

"Ai yana zuwa! Ke ce kullum..."

"Ni ce me?" Ta ɗago ta zuba min ido. "Ni na ce danshi ya shiga? Ni na roƙi Allah ya kurmantar da ni?"

Wa zai iya da wannan? Har haƙuri na ba ta.

Ranar tafiyarsa ya zo da hantsi, lokacin da bai taɓa zuwa ba. Jakarsa a kafaɗa, ya sa farar rigar da ni na goge masa da hannuna. Na fita tarbarsa zuciyata na tsalle, don yanzun nan na bar Mama da kunnuwanta tana sauraron rediyo.

Muna shigowa na ga shuɗiyar fitilar. Rediyon a kashe, fanka na gurnani. Mama na tsaye a bakin teburin guga, ta ja ɗankwali har wuya.

Mai Wuta ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ajiye jaka, ya durƙusa a gabanta duk da haka.

"Mama, na san ba kya ji na, amma zan faɗa, ko don bangon gidan nan ya shaida. Ina son 'yarki. Ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa."

Dutsen guga na tafiya, yana dawowa.

"Ba raba ku na zo yi ba. Gidan da na kama ɗaki biyu ne. Na zaɓi mai babbar taga na ce na Mama ne. Har soket na ƙara a ciki saboda dutsen gugarki, da akwatin nan. Ki zo mu tafi tare. Ni ma maraya ne, Mama... uwa nake nema."

Ni kuwa hawaye tuni sun wanke min fuska. Mama ta juya hannun riga, ta ci gaba da guga, ko gezau.

Ya miƙe a hankali, ya nufi akwatin.

"Me za ka yi?" na tare shi.

"Buɗewa zan yi. Wuta sana'ata ce, ba abin da zai same su don an katse na ɗan lokaci."

"An ce kada a katse!"

"Auta, ki buɗe idonki! Da hantsi? Yaushe ta yi gumin da za su jiƙe? Tun a shago na gane. Ba don danshi ta zaɓi wannan akwatin ba, don ni ta zaɓe shi!"

"Me kake nufi?"

"Ɓuya take yi a cikinsa!"

Idona ya rufe. Matar da ta ƙone hannuwanta don in yi karatu? Matar da lalura ta kama, shi ne zai tsaya a falonta ya kira ta maƙaryaciya, don ya ga ba ta ji?

"Ba ka da kunya!" na daka masa tsawa. "A gabanta kake zaginta saboda ka san kurma ce? Ashe haka kake? In yau ka yi mata haka, gobe a gidanka me za ka yi mata?"

"Rabin raina, ki bari in buɗe kawai..."

"Kada ka sake kira na haka! Ka taɓa akwatin nan, wallahi ni da kai har abada. Kai, ko ba ka taɓa ba ma. Ɗauki jakarka. Wanda bai ga girman uwata ba, ba shi da wuri a raina!"

Ya kalle ni, kallon da har yau yake hana ni sukuni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi.

"Na gaji da roƙo a gidan da aka toshe min kunne," ya ce a hankali. "Yanzu ke ma kin toshe naki. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ya sake durƙusawa ya yi wa Mama sallama. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Na ruga wurin Mama, na faɗa jikinta, na cusa fuskata a wuyanta ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Sai tsuntsun ya yi kuka.

Ɗan siririn fiton nan, daidai kafaɗata. Na ƙame. Na ɗago a hankali, na zame ɗankwalinta baya. Suna nan, duka biyun, a maƙale a bayan kunnuwanta.

Na je na ɗaga murfin akwatin. Iska mai ɗumi ta bugi fuskata. Wayam.

"Kin ji shi," na ce. Ban ko ɗaga murya ba. "Duka kin ji."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye.

"Yau kaɗai na bar su a kunne," ta ce. "Na so in ji ko da gaske yake."

"To da gaske yake?"

"Da gaske yake."

"Mama! Me ya sa kika yi shiru? Kina ji ina korar sa saboda ke!"

"In na nuna na ji, dole in amsa, Auta. Ba ni da dalilin cewa a'a, yaron kirki ne. Kuma bakina ya ƙi cewa eh. A auren yayarki ma ɗaki aka yi min alkawari." Ta share ido da bayan hannu. "Da kika zaɓe ni... wallahi daɗi na ji. Allah ya yafe min, daɗi na ji."

Na ɗauki waya na kira shi. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, aka ce a kashe take. Na san shi, mutum ne mai haƙuri, amma in ya ja ƙofa ba ya waiwaye.

Mama ta miƙo hannu za ta taɓa ni. "Ki yi min magana, 'yata. Ko zagi ne, ina ji."

Na matsa kusa da ita. Na sa yatsuna a bayan kunnuwanta, na zare su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda mai shagon ta koya mana. Sun jiƙe da gaske wannan karon, da guminta da hawayena. Na jera su a cikin akwatin, na rufe, na danna.

Shuɗiyar fitilar ta kama.

"An ce kada a katse, Mama," na faɗa, ko da yake na san yanzu ba ta ji.

Sannan na juya mata baya, don kada ta karanta bakina, na kira sunan da nake kiransa da shi, na yi ta ba shi haƙuri kamar yana nan.